Okid ɗina ya zubar da fure, ganyen sai yaushi yake

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ƙanwata ce ta kawo min furen okid tsaraba daga Abuja, fari tas mai faɗin ganye, ya kai wata 2 da furensa sai ya zube. Da na ga saiwoyinsa duk a waje sai ya ban tausayi, na canza masa tukunya na sa ƙasa da takin shanu, ina ba shi ruwa safe da yamma amma ganyen sai ƙara yaushi yake. Dan Allah ya mutu ne? Daga 'yar'uwarku a Pantami, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Toh in dai akwai koren ganye bai mutu ba tukuna, amma gaskiya tausayin nan naki shi ke neman kai shi lahira. Yadda kika kwatanta shi, wanda ake kira Phalaenopsis ne, asalinsa dazukan su Filifin da Indonesiya, kuma can ma ba a ƙasa yake tsirowa ba, jikin bishiya yake maƙalewa kamar kauci, sai dai shi ba ya shan jinin bishiyar, mazauni kawai ya nema. Ruwan sama ya zuba ya jiƙa saiwar, iska ta busar, shikenan rayuwarsa. Kinga kenan saiwar da kika binne iska take so.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne in saiwa ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yanƙwane kamar mai jin ƙishi, ke kuma ki ƙara ruwa, ruɓa ta ƙaru. Nima haka na kashe na farko da na saya a nan Bauchi, da na zazzage tukunyar wallahi wani wari ne ya buge ni, saiwoyin duk sun koma kamar taliyar da ta kwana.

Yau ɗin nan ki ciro shi ki wanke ƙasar tas. Ki riƙa matsa saiwoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, wadda kika ji da ƙwari, koriya ko mai ruwan toka, ki bar ta, wadda ta yi baƙi ta yi laɓo-laɓo ko kika ja fatar ta zare ta bar wani siririn zare, ki datse ta da sabuwar reza, ki bar shi a inuwa ya sha iska ya kwana. Sai ki samo ƙaramar tukunya mai ramuka da yawa, roba garai-garai ta fi don za ki riƙa hango saiwar, ki cika ta da gutsattsarin ɓawon bishiya busasshe da gawayi kamar girman dabino, amma ki wanke gawayin tukun, toka ba ta yi masa. Ɓawon kwakwa ma yana yi in an jiƙa shi kwana biyu ana sauya ruwan. Ƙasa dai ko cokali ɗaya kar ta shiga.

Ba shi ruwa kuma ba lissafin safe da yamma ba ne, saiwar ce za ta gaya miki. In ta yi fari-fari kamar azurfa ki kwarara ruwa sosai da safe har ya zube ta ƙasa, nan take za ki ga ta koma koriya. Da damina yakan kai sati, a zafin Maris da Afrilu da Gombe ke taɓa digiri 40 kuwa wataƙila duk kwana 3 ko 4. Kar ki bari ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen, nan ne ransa, in ya shiga ki tsane da auduga. Ruwan sama ya fi, na wasu bohol ɗin yana barin farin gishiri a bakin tukunya.

Babban aikinmu a nan shi ne hunturu, iska ta bushe ƙarau shi kuma ɗan laima ne. Ki zuba tsakuwa a faranti da ɗan ruwa ki ɗora tukunyar a kai yadda gindinta ba zai taɓa ruwan ba, ni nawa ma kusa da randa nake ajewa. Ki riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, ki kauda shi daga saitin fanka. Haske kuwa tagar gabas da labule shara-shara, ranar azahar ƙona ganyen take.

Zubar furen ba ciwo ba ne, dama wata 2 zuwa 3 yake yi. Sanyin daren Disamba da Janairu shi ke sa shi fidda sabon kara, amma naki da ya sha wuya kar ki sa rai bana, bari ya yi saiwa tukuna. Taki ma ki dakata sai kin ga koren tsinin sabuwar saiwa ya leƙo, sannan ki dama irin na ruwa, kashi ɗaya cikin 4 na abin da aka rubuta a jikin ledar, sau 2 a wata ya isa.