Kafin ka taɓa aikin wani sashe

Ɗana,

Na karanta saƙonka. Ka ce yau makonni uku ke nan da ka kai ƙorafi wurin sashen da ke kula da manhajar aika saƙon tuni, domin tana makara da sa'a guda ga mutanen ƙasashen da ke matsar da agogonsu sau biyu a shekara, kuma har yanzu shiru kake ji. Ka ce ka leƙa rumbun aikinsu, wato wurin da suke ajiye rubutun manhajarsu, ka ga inda kuskuren yake, gyaran bai kai layi goma ba. Sai ka tambaye ni: “Maigida, in kwafe aikinsu in gyara a wajenmu, ko in kai maganar gaban manya? Kuma wannan zancen da nake ji, wai a yi aiki a cikin kamfani irin yadda masu buɗaɗɗiyar manhaja suke yi, gaskiya ne ko daɗin baki?”

Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka yi. Kada ka kwafa. Wannan ba daga karatu na samo shi ba, a jikina na ji shi.

A wani kamfani da na yi aiki ina matashi, mun gaji da jiran masu kula da ɓangaren shigar da mai amfani cikin asusunsa. Muka kwashe aikinsu kakaf, muka zuba a namu rumbun, muka gyara abin da ke damunmu cikin yini ɗaya, kowa ya yi murna. Bayan wajen shekara biyu, masu asalin aikin suka gano wata ɓaraka da ɓarawo zai iya bi ta cikinta, suka toshe ta, suka sanar da duk wanda suka san yana amfani da kayansu. Mu ba ma cikin lissafinsu, domin ba su san mun kwafa ba. Namu ya zauna a buɗe wata da watanni. Ranar da abin ya fito fili, ni aka sa na zauna ina jera fayil ɗinsu da namu layi bayan layi, ga nasu ya yi gabas, namu ya yi yamma, har ba ka gane cewa uwarsu ɗaya. Dare uku na yi a kai. Duk abin da ka kwafa ya zama naka har abada, da ciwonsa da maganinsa, kuma babu wanda zai tuna da kai ranar rabon magani.

Kai ƙara wurin manya kuwa yana aiki, amma sau ɗaya. Za a matsa musu, su ajiye abin da ke gabansu su yi naka, su kuma riƙe ka a rai. Ka sani shirun da suka yi ba mugunta ba ce. Suna da jerin ayyukan da shugabansu ya ɗora musu, da shi za a auna su a ƙarshen shekara, kuma sa'a gudanka ba ta ciki. Tun a 1968 wani masanin kwamfuta, Melvin Conway, ya lura cewa manhajar da kowace ma'aikata ta ƙera takan ɗauko kamannin yadda mutanen cikinta ke magana da juna. Inda akwai katanga tsakanin sashe da sashe, za ka tarar da ita a cikin manhajar ma. Katangar ce ka yi karo da ita.

To, zancen da kake ji gaskiya ne, kuma ya girme ka a wannan sana'a. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda kowa zai iya karanta rubutunta ya kuma kawo mata gyara. A 1991 Linus Torvalds ya saki Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka riƙa aiko masa da gyara. A 1995 wasu masu kula da shafukan intanet suka tattara facin, wato ƙananan gyare-gyaren, da kowannensu ya yi wa wata tsohuwar manhaja, daga nan Apache, manhajar da ke miƙa wa mutane shafukan intanet, ta fito. Ba shugaba ɗaya ke ba su umarni ba, ba albashi ɗaya suke ci ba, amma abin da suka gina ya ɗauki nauyin babban kaso na intanet. Sai masu kamfanoni suka fara tambayar kansu: in baƙi sun iya haka, me ya hana mu, da muke ƙarƙashin rufi ɗaya? A shekarar 2000 Tim O'Reilly, mawallafin littattafan kwamfuta, ya raɗa wa abin suna InnerSource, wato buɗaɗɗen aiki na cikin gida. Kamfanonin HP da Philips da Lucent suna cikin waɗanda suka fara gwadawa, Bosch ya shigo a 2009, sannan a 2015 Danese Cooper, tana aiki a kamfanin PayPal a lokacin, ta kafa InnerSource Commons domin masu wannan aiki su riƙa koyo daga juna. Google kuwa ya daɗe yana ajiye mafi yawan aikinsa a rumbu guda, injiniya na iya karanta na wani sashe ya kawo gyara, amma kowane lungu yana da sunayen masu shi a rubuce, kuma sai da amincewarsu gyaran ke shiga.

Ka lura da wannan na ƙarshe, nan mutane ke ɓata. Ba a fitar da sirrin kamfani waje ba, ba a kuma ce kowa ya shiga ya taɓa abin da ya ga dama ba. Abin da aka aro shi ne ɗabi'ar aiki: kowa na iya gani, kowa na iya kawo gyara, ana tattaunawa a rubuce a inda kowa zai karanta, mai abu kuma shi ke yanke hukunci. Kai baƙo ne, su ne masu masauki.

Na ga wuraren da aka ɗauka cewa buɗe rumbu shi ne duk aikin. Aka danna maɓalli, aka yi sanarwa, aka tafa. Bayan 'yan watanni ka je ka ga gyare-gyaren da mutane suka aiko sun taru, ba wanda ya duba, sun tsufa har ba sa haɗuwa da sabon aikin. Wanda ya aiko sau ɗaya aka yi banza da shi ba ya ƙarawa, ya koma kwafa a ɓoye. Abin da ya ɓace a wurin mutum ne guda: wanda aka ware wa lokaci a cikin makonsa domin karɓar baƙi. Masu wannan tsari suna kiransa amintaccen mai karɓar gyara. Shi ke karanta abin da ka aiko, ya ce maka wannan ya yi, wannan zai karya wani abu da ba ka sani ba a can gefe, ya nuna maka hanya har aikinka ya cancanci shiga. A ganina wannan shi ne aiki mafi wuya a duk sana'armu, kuma shi aka fi raina wa. Mutum zai wuni yana bitar aikin wasu, da yamma babu layi ɗaya da ke ɗauke da sunansa. In shugabansa bai ƙirga masa wannan a matsayin aiki ba, zai daina, kuma ba ni ganin laifinsa.

Kada kuma ka yarda da masu cewa tunda kowa na iya gani, ai wani zai ga kuskure. Ka tuna ɓarakar da aka raɗa wa suna Heartbleed. A ƙarshen 2011 aka shigar da wani gyara cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin sadarwar ɗimbin shafukan duniya. Mutum ɗaya ya yi bitarsa, kuskuren ya wuce shi, ya kuma zauna a fili fiye da shekara biyu, sai a watan Afrilu na 2014 aka gano. Duniya duka tana iya karantawa, amma masu kula da aikin 'yan ƙalilan ne, kuma nauyin ya fi ƙarfinsu. Abin da na kowa ne, in ba a ɗora shi a wuyan wani da suna ba, sai ya zama ba na kowa ba.

Yanzu ka tsaya a wurin masu masaukin ka ga abin da suke tsoro. In sun karɓi layukanka goma, kai ka tafi, su za a tayar da tsakar dare in abin ya fashe. Shi ya sa sau da yawa suke ƙin karɓa ko da gyaran daidai ne. A PayPal an yi wa wannan magani mai sauƙi: sashen da ya kawo gyara yana ɗaukar alkawarin cewa duk matsalar da ta ɓullo daga gare shi cikin kwana 30 bayan ya fara aiki, shi zai gyara. Bayan nan ya zama na masu gida. Ko ba a rubuta wannan a dokar wurinmu ba, kai ka faɗa musu da bakinka. Za ka ga yadda fuskarsu za ta saki.

Ga yadda nake so ka bi da naka. Kada ka fara da rubuta gyaran. Buɗe rumbunsu ka nemi fayil mai suna CONTRIBUTING, in akwai, ka karanta shi tsaf. Nan suke faɗin yadda suke so a zo musu. Sannan ka koma kan ƙorafin da ka shigar, a nan inda kowa zai gani, ba ta saƙon sirri ba, ka rubuta: na ga kamar matsalar daga wuri kaza take, domin ana lissafi da agogon na'urar maimakon na yankin mai karɓar saƙo, in kun yarda zan kawo gyara, kuma zan tsaya a kansa. Ka jira amsa. Mai yiwuwa su ce maka suna shirin rushe wannan ɓangaren gaba ɗaya, ka ga ka huta da wahala. Mai yiwuwa su ce akwai dalilin da ya sa aka rubuta shi haka, dalilin da baƙo ba zai hango ba. Da ɗan gari akan ci gari.

In sun ce bismillah, fara da gwaji. Rubuta ɗan gwajin da zai sa ranar da ake juya agogo, ya nemi saƙon ƙarfe tara, ya nuna yana fita ƙarfe goma. Ka bar shi ya faɗi tukuna, sannan ka yi gyaran, ya wuce. Mai bita in ya ga haka ba sai ya yarda da maganarka ba, idonsa ya gani. Kuma na san halinka, kana son tsafta, za ka ga sunayen da ba su yi maka ba da layukan da ba su daidaita ba, hannunka ya riƙa ƙaiƙayi. Ka bar su. Masu Linux suna da ƙa'idar da nake ƙauna: kowane faci abu ɗaya yake yi, kuma yana zuwa da bayanin dalilinsa. Layi goma mutum zai duba kafin ya tashi daga kujera. Layi ɗari biyar sai ya ce gobe, goben kuma ba ta zuwa. Ka bi salon rubutunsu ko da naka ya fi maka kyau. Gidansu ne.

Za su yi maka gyara, wataƙila da kalmomin da za su sosa maka rai. Ka karanta sau biyu kafin ka amsa. Inda suka yi daidai ka gode, inda kake ganin sun yi kuskure ka kawo hujja cikin ladabi, a rubuce. In kun yi magana baki da baki kun daidaita, ka dawo ka rubuta abin da kuka yanke a wurin. Wani yaro zai zo bayan shekara uku yana tambayar me ya sa aka yi haka, lokacin kai da su duk kun canza wuri, rubutun nan kaɗai zai samu.

Akwai inda ba a buɗewa, ka sani: makullan sirri, bayanan abokan ciniki, da abin da doka ta ce sai wasu keɓaɓɓun mutane. Kamfanin da ke da rassa masu zaman kansu kuma yakan haɗu da batun haraji da mallaka in aiki ya ƙetara daga wannan reshe zuwa wancan. Deutsche Bahn, kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, sai da ya rubuta lasisinsa na cikin gida, wato ƙa'idar yadda rassansa za su yi amfani da manhajar juna. Wannan na lauyoyi ne, naka bai kai can ba.

Lokacin da za ka kashe a kan wannan, ni na ba ka, kuma zan rubuta shi cikin aikinka na makon nan domin kada wani ya ce ka bar naka kana yi wa wasu. Gobe da safe ka tura musu saƙon. In ka gama gwajin, kawo mini mu duba tare kafin ka miƙa. In kuma kwana biyu suka wuce ba amsa, ka gaya mini, zan je in zauna da shugabansu mu yi maganar wanda za a ware domin karɓar irin wannan, tunda na tabbata ba kai kaɗai ke tsaye a ƙofar ba.