Filin Tambaya da Amsa: Matsafan Turai da kusurwoyi huɗu

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na ga bidiyon wata Baturiya a intanet ta zana da'ira a tsakar ɗakinta, tana juyawa gabas, kudu, yamma da arewa, tana kiran wasu abubuwa. Mene ne asalin wannan aiki, kuma yana da alaƙa da fuskantar alƙibla? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani aikin mabiya Wicca ne, wani addinin tsafi na zamani wanda Gerald Gardner ya fito da shi fili a Ingila bayan an soke dokar hana maita a shekarar 1951. Shi ma Gardner aro ya yi, domin kiran kusurwoyin ya samo shi ne daga ƙungiyar asiri ta Golden Dawn, wadda aka kafa a Landan a 1888.

A tsarinsu kowace kusurwa tana da abin da aka jingina mata: gabas iska, kudu wuta, yamma ruwa, arewa ƙasa. Mai aikin yakan zana da'ira, wadda bisa al'ada faɗinta ƙafa tara ne, ya ajiye turaren wuta a gabas, kyandir a kudu, ƙoƙon ruwa a yamma, gishiri a arewa, sa'an nan ya ɗaga wuƙa mai baƙar ƙota ya fara daga gabas, yana zagayawa kamar hannun agogo, yana roƙon waɗanda suke kira masu tsaron kusurwa su halarta su kare shi. Rabon abubuwa gida huɗu ba baƙo ba ne a wurinmu, tunda masu hisabi ma sukan kasa haruffa zuwa na wuta, na turɓaya, na iska da na ruwa, kuma duka biyun daga tsofaffin masanan Girka suka gaje shi.

Abin lura shi ne wannan rabo ya dace ne da yanayin ƙasashen arewacin duniya, irin su Ingila. A can rana tana karkata kudu da tsakar rana, shi ya sa aka ba kudu wuta, arewa kuwa, ɓangaren sanyi da duhu, aka ba ta ƙasa. Da addinin ya isa Ostareliya, inda rana take karkata arewa, sai mabiya da yawa suka mayar da wuta arewa, suka kuma juya zagayen. A ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsarin ƙirƙirar mutane ne, kowa yana gyara shi daidai da garinsu.

Alƙibla kuwa dabam take. Musulmi ba ya kiran gabas, ba ya neman tsari daga gare ta, kuma malamai sun haɗu a kan cewa roƙon kariya daga wanin Allah ta wannan hanya shirka ne. Ka'aba ake fuskanta bisa umarni, kamar yadda aka fuskanci Baitul Muƙaddas kafin a juya a shekara ta 2 bayan Hijira. Mu a Zariya ko Damagaram gabas muke kallo, da ɗan karkata arewa, saboda can Makka take daga nan. Mutanen Indunusiya yamma suke kallo, na Turkiyya kudu, a cikin Harami kuwa sahu zagaye ɗakin yake yi ta kowane ɓangare.