Amsoshin Wasiƙunku: Maigida Yana Amurka, Iyali Suna Gida

Mijina yana da katin zaman dindindin a Amurka. Ya ce ya shigar da takardunmu ni da yara biyu, ga shi shekara ta zagayo shiru. Ko dai wasa yake da hankalina? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Kwantar da hankalinki, 'yar uwa, shirun shekara guda ba komai ba ne a wannan harka. Matar mai katin zama da 'ya'yansa da ba su kai 21 ba, ba su kuma yi aure ba, suna rukunin da ake kira F2A, kuma adadi ake ware musu duk shekara, don haka layi ake bi. Ki ce ya turo miki hoton rasit ɗin da hukumar shige da ficen Amurka, USCIS, ta ba shi lokacin da ya shigar da fom I-130, wato fom ɗin neman ɗauko iyali. Kwanan watan da ke jiki shi ne gurbinki a layin. Mai gaskiya ba ya nauyin turo wannan.

Sai dai ki san cewa a Disamban 2025 Amurka ta sa Najeriya da Nijar cikin ƙasashen da ta dakatar wa bizar ƙaura, bayan Chadi da Sudan da ta sa tun watan Yuni. An taɓa yi wa Najeriya haka a 2020, aka janye a 2021. Ki riƙa duba shafin ofishin jakadancin Amurka, kada ki ajiye aikinki, kada ki sayar da sarƙar gwal ɗinki, yara kuma su ci gaba da makaranta.

Matana biyu, ina so in ɗauko amarya tukuna. Ya zan yi?

Ba za ka yi ba, Alhaji. Muddin auren fari yana nan, uwargida kaɗai dokarsu ta sani. Su ma da kansu ba sa ba da bizar ƙaura ga wanda zai je ya zauna da mace fiye da ɗaya.

Wani ejan ya ce in kawo miliyan biyu zai sa ɗan yayana cikin 'ya'yana, ya kuma gaggauta mana ganawa. Yaron tun yaye yake hannuna.

Malam, riƙe kuɗinka. Na san a wurinmu ɗan wa ɗa ne, ba wanda zai tsaya tambayar wa ya haifi wa a tsakar gida. Jami'in da zai gana da iyalinka a Legas kuwa abin da zai tambaya ke nan. Da zarar takardar haihuwa ta ba shi shakku, misali yaro ɗan shekara 14 amma takardarsa bara aka buga ta, ko yara biyu na uwa ɗaya da wata biyar tsakaninsu, yana iya neman gwajin DNA. Ba a asibitin da ka zaɓa za a yi ba, su ne za su sa ido a ɗebi samfurin. Ranar da sakamako ya fito, ejan ya kashe waya.

Kuma ba yaron kaɗai zai sha ba. Wanda aka kama da ƙarya da gangan a neman biza, haramcin shiga ƙasar na har abada ne ke hawa kansa, ga matarka ita ce za ta rantse a gaban jami'in cewa ita ta haife shi. Ka jefa ta cikin wannan saboda wani mai shago da kwamfuta biyu da hoton jirgi a bango?

Maganar gaggautawa ma zuƙi ta malle ce. Babu ɗan kasuwar da ke da hannu a layin. Kuɗin hukuma sananne ne: dala 675 na fom I-130 idan ta takarda aka shigar, 625 ta intanet, sai dala 325 kan kowane mai neman biza, da 120 na duba takardar ɗaukar nauyi. Ga kuɗin asibiti, ga na motar Legas da masauki. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum zai yi awa guda yana ciniki kan buhun shinkafa, amma ya miƙa miliyoyi ga wanda ko rasit bai ba shi ba. In lallai kana buƙatar taimako, nemi lauyan shige da fice mai lasisi a can inda kake. Ɗan yayanka kuma, wannan kuɗin ya ishe shi karatun shekaru.

'Yata tana da shekara 20, takardarta na layi, manema sun matsa. Mu ɗaura kawai?

Hajiya, na fahimci nauyin da ke kanki, amma ku yanke shawara ido buɗe. Ranar da aka shafa fatiha, takardar ta mutu, domin mai katin zama ba ya iya ɗauko ɗa ko 'ya mai aure. Cika 21 bai kai wannan muni ba: dokarsu tana cire tsawon lokacin da fom ɗin ya yi a hannun hukuma daga shekarunta, in ma ta wuce sai ta koma rukunin F2B na 'ya'yan da suka kai 21 ba su yi aure ba, mai dogon layi. Ku zaunar da ita ku tambaye ta wanne ta fi so, tunda ita za ta zauna da miji ko da jiran.