Shin laifi ne in ce halittar wane ba ta yi mini kyau ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗaliba ce ni a Jos. A aji aka ce mana kyau ba ya cikin abu, a idon mai kallo yake. Ni kuma na karanta cewa an halicci mutum a mafi kyawon tsari. To idan wani bai yi mini kyau ba, na yi zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, maganar ajinku rabin gaskiya ce. Kyau yana nan a cikin halitta ko babu mai kallo. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa Ihya'u cewa kyan kowane abu shi ne ya cika kamalar da ta dace da shi, don haka abin da ke sa doki kyau daban, na rubutu daban. Aya ta 4 a Suratut Tin da kika ambata a kan wannan take: miƙewar tsayuwa, daidaiton gaɓɓai, da hankali. Kowane ɗan Adam yana da rabonsa a nan, baƙi ko fari, dogo ko gajere. Suratur Rum, aya ta 22, har ta lissafa bambancin launukanmu cikin ayoyin Allah.

Rabon mai kallo shi ne karkatar zuciya. Ki tsaya gaban mai atamfa a kasuwar Taminus: ya warware turmi ɗaya, wata ta ce a naɗe mata, ƙawarta ta yatsine fuska. Babu mai laifi a cikinsu. Da son zuciya ba shi da gurbi, da Annabi (SAW) bai umarci Mugira bin Shu'uba ya je ya ga matar da yake nema ba, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito.

Saboda haka abin da kika ji a ranki ba zunubi ba ne. Inda ake zamewa shi ne harshe. Nana A'isha ta yi nuni da gajartar Nana Safiyya, sai Annabi ya ce mata ta faɗi kalmar da da za a cuɗa ta da ruwan teku, da ta gurɓata shi. Abu Dawuda ya ruwaito. Kin ga kenan ce wa mutum "mummuna", ko kwaikwayon tafiyar mutum, ko tura hotonsa a WhatsApp don a yi dariya (wannan ya yi yawa a tsakaninku 'yan makaranta), duk giba ne ko izgili, Suratul Hujurat ta hana su.

Idan manemi ne bai kwanta miki ba, kina da damar ki ƙi. Ki shaida wa waliyyinki ba ki so, ba sai kin zayyana masa hancin bawan Allah ba. Wallahu a'alam.