Takalmin ƙwallo ko kuɗin lesin?

Tambaya: Ɗana yana aji biyu na babbar sakandare, ƙwallo ta shiga ransa. Ya matsa in saya masa takalmin ƙwallo, ni kuwa ina ganin gara kuɗin su tafi lesin. Wai ƙwallon nan za ta amfane shi gaba? Daga wata uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Hajiya, ki saya masa, amma ba sai sabo ba, tunda ƙafarsa ba ta gama girma ba. Ga Kasuwar Barci nan kusa da ke, gwanjo mai kyau ya wadatar. Ki je da shi ya gwada da safar da zai riƙa buga wasa da ita, a lanƙwasa takalmin a ga ko ƙasansa ya soma ɓarewa. Ku zaɓi mai gajerun haƙoran roba. Filayen unguwa da rani sun yi tauri, mai dogayen haƙoran ƙarfe na ciyawa ne, a busasshiyar ƙasa targaɗe yake jawowa. Canjin da ya rage a haɗa masa da abin kare ƙwauri.

Batun amfani kuwa, Kaduna ce ta haifi Daniel Amokachi, wanda ya tashi daga Ranchers Bees har ya kai Everton, da Tijjani Babangida da Garba Lawal, dukkansu sun ciyo zinare a Olamfik ta 1996. Sai dai kada ki ɗora lissafinki a kansu. Yawancin yaran da ke atisaye a Dandalin Murtala ba da ƙwallo za su ci abinci ba. Abin da ke bin su har girma shi ne sammako, da jure faɗan koci, da sanin cewa in an ci ka yau gobe ma sai ka fito. In kuma ya nemi shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, akwai gwajin gudu da lafiyar jiki, can za ki ga ranar atisayen.

Ki kafa masa sharaɗi guda: makin Turanci da Lissafi ya faɗi, takalmin ya koma ɗakinki sai ya gyara.

Tambaya: Wani ejan ya ce in kawo kuɗi ya kai ƙanina ɗan shekara 16 gwaji Turai. In sayar da filina? Daga wani magidanci a Rigasa.

Amsa: Malam, don Allah kada ka sayar. Dokar FIFA ta hana kulob ɗin waje ɗaukar yaron da bai kai shekara 18 ba, sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa, kuma kulob ɗin da ke son ɗan wasa da gaske shi ke biyan kuɗin jirgi. Ka bar shi ya gama makaranta yana buga wasansa a nan gida.