Asali da ma'anar kalmar "bairn"

Ɗan'uwa, ka tambayi me ake nufi da "bairn" da ka ji wata dattijuwa 'yar Newcastle, birni a arewacin Ingila, ta faɗa. Yaro ko jariri take nufi, ɗa namiji ko mace. Uwa ma takan kira ɗanta balagagge da ita don shaƙuwa.

Kalmar ta girmi Turancin makaranta nesa ba kusa ba. A tsohon Turanci "bearn" ce, daga saiwar da ke nufin ɗauka ko haihuwa, wato abin da aka haifa. A kudancin Ingila "child" ta ture ta, amma arewa da Sikotilan suka riƙe ta. Masana da dama na ganin mutanen Viking, mayaƙan teku daga arewacin Turai da suka ci garin York na arewacin Ingila a 866, sun taimaka, domin su ma "barn" suke cewa. Har yau haka ake faɗa a Suwidin da Nowe da Denmak.

Tana kuma nufin ɗan gari: ƙungiyar ƙwallon garin Falkirk na Sikotilan laƙabinta "The Bairns". Don Allah kada ka ɗauke ta karyayyen Turanci. Amma a birnin Glasgow na Sikotilan "wean" za ka fi ji ana kiran yaro.