Amsa ga 'yar'uwar da ɗanta marar gani ke shirin shiga jami'a

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce ɗanki ba ya gani, yana ajin ƙarshe na sakandare, ransa na kan jami'a, ke kuma kin rasa ta inda za ki fara, ga dangin mahaifinsa sun sa ki gaba da cewa a bar shi gida kada a wahalar da shi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba. Tawa mace ce, ta kammala, alhamdulillahi, amma ba a kwance muka samu ba. Ki yi haƙuri da tsawon rubutuna.

Maganar JAMB ita ce mai sauƙi, kada ta hana ki barci. Ranar yin rijista ki tsaya a kai har a rubuta cewa yana da lalurar gani, don wasu yaran da ke cika fom tsallake wurin suke yi saboda sauri. Tun 2017 hukumar, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta kafa kwamiti na musamman wanda Farfesa Peter Okebukola ya jagoranta, shi ke shirya wa makafi jarrabawarsu daban a cibiyoyi na musamman, ɗaya tana Kano a Jami'ar Bayero. Karanta musu tambayoyi ake yi su amsa da rubutun makafi ko da tafireta, kuma hukumar ke ɗaukar nauyin masauki da abinci na ɗalibi da ɗan rakiyarsa. Daga 2024 ma sun yafe kuɗin fom ga mai lalura da ke da kiredit biyar. Mu dai mutunta mu aka yi a can, har na ɗauka haka sauran tafiyar za ta kasance.

Ina! Bayan an shiga ne ake sanin an shiga.

Lokacin da muka je rijista a sashensu, jami'in jarrabawa na wancan lokacin mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Ya ce babu damuwa, ta riƙa zuwa da kwamfutarta, a duba ta, wani ya karanta mata tambayoyi ta buga amsa, a fitar a takarda a haɗa da na sauran. Shekarar farko haka aka yi lafiya lau. A aji biyu aka canza shi. Ranar jarrabawar wani darasi na dole, malamin darasin ya shigo ya ga kwamfuta a gabanta, ya ce a ɗauke wannan abin. Ta yi masa bayani. Ya ce shi ba shi da tabbacin abin da ta ɓoye a ciki. Ta ce to a bincika, ko a ba ta wanda zai rubuta mata tana faɗa. Ya ce babu wanda zai bar aikinsa ya zauna da mutum ɗaya. Ya ɗauko takardar tambayoyi da littafin amsa ya ajiye mata a kan benci, ya ce ga shi nan kamar kowa, in ba za ta iya ba akwai makarantun irinsu. A gaban 'yan ajinsu gaba ɗaya. Yarinyar nan ta zauna har aka tashi, tana jin ƙarar biro ta ko'ina, takarda a gabanta ba ta san ma ta ina ne samanta ba. Darasin da ta kwana tana saurare, ta san shi ciki da bai.

Da ta kira ni ba ta yi kuka ba, wannan ne ya fi tayar min da hankali. Cewa kawai ta yi, Umma ki zo ki ɗauke ni, Baffa ya yi gaskiya. Baffan nata shi ne wanda ya ce kuɗin da za a kashe mata gara a ƙara wa ƙaninta jari.

Na je na sami malamin nan a ofishinsa. Wallahi ko kujera bai nuna min ba, bai ɗago kansa daga wayarsa ba. Ya ce Hajiya, ni ba na nuna bambanci, shi ya sa na ba ta takarda irin ta kowa. Ki ji fa! Mutum mai digiri uku. Na ce Malam, kai ma kana da 'ya'ya, kuma ido ba wayon mutum ke tsare masa shi ba. Ya ce in na gama in ja masa ƙofa. Har yau in na tuna muryarsa sai na ji zuciyata na tafasa. Ana ce min in yafe, ni dai na bar shi da Allah. Sai da ta maimaita darasin a shekara ta gaba, makinta ya sauka, ga yajin aikin ASUU na 2022 ya zo ya cinye wata takwas, tana zaune a gida da wannan abu a ranta.

Don haka abin da zan roƙe ki da shi, duk wani alkawari da za a yi muku a makaranta, a sa shi a takarda. Da zarar ya samu gurbi, ku rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashe, a kai kwafi ga jami'in jarrabawa da ofishin kula da harkokin ɗalibai, ku haɗa da takardar likitan ido. A faɗi dalla-dalla yadda zai rubuta jarrabawa da gwajin aji: da me zai rubuta, wa zai karanta masa, ƙarin lokaci nawa, wa zai karɓi amsarsa ya sa hannu. A buga hatimi a kan kwafinku. Ya riƙa yawo da ita a jaka, hotonta kuma a waya. Mutanen kirki ana canza musu wurin aiki. Kuma in da rubutun makafi zai amsa, ku tambaya wa zai juya shi zuwa rubutun da malami zai iya dubawa, don a nan sakamakon yara da yawa ke maƙalewa a ce wai ba su zauna jarrabawar ba.

Akwai doka, ki san da ita ko don bakinki ya yi nauyi. Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutum, miliyan ɗaya ga ma'aikata, daga baya aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su a 2020. An ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma je ki ga lambatu a buɗe a harabar makarantu. Ba kotu nake ce miki ki tafi ba. Sai dai na lura in kika ambaci dokar a wasiƙa, yadda ake amsa miki yana canzawa.

Tun yanzu, kafin ma sakamako ya fito, a sa shi ya koyi buga rubutu a kwamfuta har hannunsa ya faɗa. Wannan ya fi sabon kaya da akwati. Akwai manhajar NVDA mai karanta abin da ke kan allo, kyauta ce, a wayar Android kuma akwai TalkBack. Kwamfutar, ko ta hannu ce, ki saya masa, in dai batirinta na riƙe caji, don kin san halin wuta. Ya roƙi malamai su ba shi darasi a rubuce ta kwamfuta, ba hoton takarda ba, saboda hoto manhajar ba ta karanta shi kai tsaye. Ya nemi izini kafin ya naɗi muryar malami, wasu ba sa so.

Wajen zaɓen makaranta, inda aka saba da irin yaranmu ya fi sauƙi. Bayero da Jos da Ibadan duk suna da sashen ilimi na musamman, ga kwalejin ilimi ta tarayya ta musamman da ke Oyo. Amma don Allah kada a tura shi karatun koyarwa dole don kawai ba ya gani. In lauya yake so ko aikin jarida, a bar shi ya nema.

Ɗakin kwana kuwa, ku nema da wuri: hawa na ƙasa, gadon ƙasa, kusa da banɗaki. Ku je kafin ɗalibai su cika, wani ya bi da shi hanyar aji da masallaci da wurin abinci da sandarsa, a maimaita har ƙafarsa ta haddace. Ni na so in haɗa tawa da ƙanwarta ta zama 'yar jagora, ita ce ta ƙi, ta ce ba za a kashe karatun wata don nata ba. 'Yan ajinsu ne suka riƙe ta, musamman wata yarinya daga kudu da ba addininmu ɗaya ba, ita ke karanta mata littattafai da dare. Ranar bikin yarinyar nan da kaina na je.

Af, kuɗi. Lambar sirrinsa ta banki kada ya ba kowa, ko abokin da ya fi yarda da shi. In makarantar gwamnati ce ya nemi bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye, su ba ɗalibi naira dubu 20 a wata. Ya shiga ƙungiyar makafi ta jiharku, manyan da suka riga shi sun san kowane ofis.

Su kuma dangi, kada ki ɓata bakinki. Ki samu mahaifinsa ku zama baki ɗaya, shi ya tare 'yan'uwansa. In kun shiga ofis, za ki ga ana tambayarki me yake so alhali yana tsaye. Ki yi shiru ki ce ga shi nan, a tambaye shi. Yana da wuya ga uwa, ni har hannuna rawa yake yi, amma ranar jarrabawa ba kya cikin ɗakin.

Wane fanni yake so, kuma ya iya rubutun makafi sosai ko da sauraro ya fi karatu? Ki faɗa min, in ya so na sa 'yata ta yi magana da shi ta waya, sun fi jin maganar junansu a kan tamu. Allah ya ba shi sa'a.